Wadatar zuci a gidan maƙwabta: me 'yan Katolika ke koyarwa kan dukiya da kwanciyar rai?

A shekarar 2025 azumi biyu suka haɗu a Kodebuwa. Mu Musulmi muka kama Ramadan a farkon watan Maris, su kuma mabiya ɗarikar Katolika suka shiga nasu ranar 5 ga watan, ranar da suke kira Larabar Toka. Duk wanda ya ratsa Adjamé a wannan rana ya ga ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan makaranta da toka a goshi, suna fitowa daga cocin Saint Luc ta 220 Logements ko ta Saint Michel. Da Faransancin Abijan ma suna ɗaya ake kiran azumin biyu, wato karem, har sai mutum ya tambaya: wanne, naku ko namu?

Tokar nan ta rassan kwakwar da suka yi addu'a da su bara ce ake ƙonawa. Fada yana shafa wa mutum, yana tuna masa cewa daga ƙasa ya fito kuma can zai koma. Daga ranar suke ƙirga kwana 40 har zuwa Ista. Azuminsu ya bambanta da namu. Suna shan ruwa, suna rage ci a Larabar Toka da Juma'ar da ke gaban Ista, suna barin nama kowace Juma'a, sannan da yawansu kan zaɓi wani abin da ransu ke so su haƙura da shi, kuɗin da suka rage kuma su bayar sadaka.

Ni malamin firamare ne, CAFOP na yi, kuma a 220 Logements nake zaune, inda bango ɗaya ke raba ɗakin Bahaushe da na Baule ko Bete. Muna zuwa jana'izarsu, suna cin naman layyarmu. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san abin da addininsu ke faɗa game da kuɗi. Abin da ya fi shiga kunnenmu shi ne lasifikar cocin bayan gida, mai alkawarin mota da biza kafin ƙarshen shekara, sai mu ɗauka duk Kirista haka yake. A gidan Katolika akwai wata tsohuwar koyarwa da ta yi hannun riga da wannan, wadda ke cewa duk abin da hannu ke iya riƙewa ba zai cika zuciya ba. Ita nake so mu leƙa yau, mu ga inda muka haɗu da su da inda hanya ta raba mu.

Abin da ya sa maganar ta dame ni

Kowace shekara nakan tambayi 'yan ajina na CM2 abin da suke so su zama. Likita, soja da ɗan ƙwallo ba sa ƙarewa. Amma bara wani yaro ɗan gidan Hausawa, mai ƙoƙari ƙwarai a lissafi, ya ce mini: "Mushe, ni mai kuɗi zan zama." Na ce to madalla, da wane aiki? Ya ce: "Mushe, ai aiki ba ya ba da kuɗi." Ajin ya fashe da dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba, don iyakar gaskiyarsa ya faɗa.

Yaron nan bai ƙirƙiri maganar ba, a titi ya tsince ta. Hanyarsa ta zuwa lakol tana bi ta inda ake baje wayoyin da kuɗin guda ɗaya ya ninka albashin wata sau da yawa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Janairun 2023 sefa 75,000 ne, mahaifinsa kuwa tun asuba yake tsaye kan teburin garba yana suyar kifi. A gefe guda yana ganin samarin da ake kira burutar, 'yan damfarar intanet, waɗanda ba su da shago ba su da ofis, amma su ne masu sabon takalmi, su ake yi wa kirari a wurin biki. Tun farkon shekarun 2000, da kiɗan kupe-dekale ya zo da al'adar watsa kuɗi a bainar jama'a, nuna arziki ya zama sana'a mai zaman kanta a Abijan. Douk Saga, wanda ya fi kowa suna a wannan fage, ya rasu a 2006 yana da shekara 32, amma salon da ya bari yana nan da ransa, yanzu ma ya koma Facebook da TikTok.

To idan yaro ya taso a nan, wa zai gaya masa cewa akwai wani arziki da ba a ƙirga shi da jika? Mu muna da amsarmu, ƙana'a da wadatar zuci. Abin da na lura shi ne maƙwabtanmu ma wannan yaƙin suke yi da 'ya'yansu, kuma suna da makamansu.

Malamin makarantar da ya ga almajiri ya fi shi walwala

Idan 'yan Katolika za su yi maganar kwanciyar zuciya, sunan da suke fara kawowa shi ne Agustin, kuma ɗan Afirka ne. An haife shi a shekarar 354 a Tagaste, garin da yau ake kira Souk Ahras a gabashin Aljeriya. Sana'arsa irin tawa ce, koyarwa. Ya koyar da balaga a Kartaj kusa da Tunis ta yau, ya wuce Rum, daga nan ya samu babban muƙami a Milan, inda fadar sarkin Rumawa take a lokacin. Ɗan ƙauye ya kai inda ake so a kai: suna, albashi, manyan abokai, ga maganar auren 'yar masu hali.

A littafinsa da ake kira Confessions, wato ikirari, ya ba da labarin wata rana da yake shirya jawabin yabon sarki, jawabin da shi kansa ya san cike yake da ƙarya, kuma masu saurare ma sun sani. Yana tafe da abokansa, ciki ya ɗuri ruwa saboda fargaba, sai suka wuce wani mabaraci da ya samu 'yan kuɗi ya sha ya yi tatil, yana ta raha. Agustin ya tsaya yana lissafi. Duk wahalar da yake sha, da karatun, da fadancin, don ya kai ga walwalar da mutumin nan ya saya da 'yan sulalla ne, kuma shi har yanzu bai kai ba. Ya san farin cikin mashayi na ƙarya ne, zai watse kafin safiya. Abin da ya tsorata shi shi ne nasa burin ma na ƙarya ne, ga shi ya fi tsada.

Ya ajiye muƙamin, aka yi masa baftisma a 387, ya koma Afirka, ya sayar da gadonsa ya raba wa matalauta. Daga baya ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yau, har ya rasu a 430. Almajirinsa da ya rubuta tarihinsa ya ce bai bar wasiyya ba, don babu abin da zai yi wasiyya a kai.

Jigon koyarwarsa shi ne an ƙera zuciyar ɗan Adam da wani gurbi wanda babu mai cike shi sai Mahaliccinta. Duk abin da aka zuba a gurbin, kuɗi ne ko mulki ko yabo, zai nutse ya bar wurin a buɗe. Daga nan ya raba abubuwa gida biyu: waɗanda ake amfani da su a wuce, da wanda ake tsayawa a huta a wurinsa. Dukiya da lafiya da ilimi duk na farko ne, kuma alheri ne a wurinsa, bai ce a ƙyamace su ba. Na biyun Allah ne kaɗai. Ɓarna tana farawa ne ranar da mutum ya juya lissafin, ya mai da kuɗi wurin hutawa, ya mai da Allah hanyar samun kuɗi. Kamar wanda ya shiga gbaka daga Adjamé zai je gida Abobo ne, sai kujerar ta yi masa daɗi ya ƙi sauka. Motar za ta yi ta kai da kawo da shi, yaron mota yana karɓar kuɗinsa, gida kuwa bai je ba.

Waɗanda suka ajiye ta gaba ɗaya

Bayan Agustin akwai jerin mutanen da suka ɗauki maganar har ƙarshenta. Faransis na Asisi ɗan wani attajirin mai sayar da yadi ne a Italiya. Da rigima ta haɗa shi da mahaifinsa kan kuɗin da ya bayar don gyaran wata coci, sai ya tuɓe tufafin jikinsa a gaban bishop da jama'ar gari ya miƙa wa uban, ya rayu da bara da aikin hannu har ya rasu a 1226. Shi ne kuma a 1219, ana tsakiyar yaƙin 'yan Salibiyya, ya tsallaka sansanin Musulmi a Dimyaɗ ta Masar ya gana da Sarki al-Malik al-Kamil, aka karɓe shi da mutunci aka sallame shi lafiya. Sunansa Paparoma Faransis ya ɗauka a 2013, kuma har ya rasu a Afrilun 2025 a masaukin baƙi na Vatikan ya zauna, bai tare a fadar magabatansa ba.

Fadan da ya shiga ƙungiyar ruhubanawa da sistar da kuke gani da farin mayafi alkawari uku suke ɗauka: talauci, rashin aure, da biyayya. Talaucin yana nufin mutum ba shi da abin da zai ce nasa ne shi kaɗai, ko albashi ya samu na ƙungiya ne. A Bwake akwai gidan ruhubanawa mabiya tsarin Benedikt, wanda wasu da suka zo daga Toumliline ta Maroko suka kafa wajen 1960. Tsarinsu ya haura shekara 1,400, kuma ranarsu a rabe take tsakanin addu'a da karatu da aikin hannu.

Ignatiyus na Loyola kuwa soja ne ɗan Sifaniya mai son suna, har harsashin igwa ya farfasa masa ƙafa a Pamplona a 1521. A kwancen jinya ya lura da wani abu. In ya yi tunanin ɗaukaka da mata, yakan ji daɗi, amma da tunanin ya wuce sai ransa ya bushe. In ya yi tunanin bautar Allah, daɗin yakan zauna ko bayan tunanin ya wuce. A kan wannan ya gina tarbiyyarsa: ka auna abu da irin abin da ya bari a ranka bayan ya tafi. Ya kuma koya wa mabiyansa su zauna kowace rana su bi abin da suka aikata daki-daki, su gode, su nemi gafara. Wanda ya san muhasaba a wurin malamanmu ba zai ji wannan baƙo ba. Mabiyansa, wato Jezuwit, suna nan Cocody tun 1962, inda suka kafa cibiyar INADES wadda ta zama CERAP.

Akwai kuma wanda Musulmi ne sanadin farkawarsa. Charles de Foucauld hafsan sojan Faransa ne da ya cinye gadon kakansa a shagali. Da ya zaga Maroko a 1883 zuwa 1884 ya ga talakawa suna ajiye komai su fuskanci alƙibla sau biyar a rana, abin ya girgiza shi, ya koma neman Allah a addinin iyayensa. Ya ƙare rayuwarsa a wani ɗan ɗaki a Tamanrasat cikin Buzaye, yana rubuta ƙamus na harshensu, har aka kashe shi ranar 1 ga Disamban 1916. Mutumin zamanin mulkin mallaka ne, yana da alaƙa da sojan ƙasarsa, kuma burinsa Buzaye su zama Kirista, wannan ba a ɓoye yake ba. Duk da haka cocin da ta ayyana shi waliyyi a 2022 ba ta musun cewa sallar Musulmi ce ta fara taɓa zuciyarsa.

Mai facin taya na Bwake

Waɗannan duk na nesa ne, ko a wuri ko a zamani. Na kusa da mu, wanda labarinsa ya yi kama da na iyayenmu da suka zo ci-rani, shi ne Grégoire Ahongbonon.

Ɗan ƙasar Benin ne, daga wani ƙauye kusa da iyakar Najeriya. A 1971 ya zo Bwake yana saurayi, ya kama facin taya. Allah ya buɗa masa, ya sayi tasi, ya ƙara wata, har ya zama mai motoci huɗu a kan titi tun bai kai shekara 30 ba. Shi da bakinsa yake faɗa cewa a lokacin ya ajiye addini gefe, kuɗi ya zama alƙiblarsa. Kafin ƙarshen shekarun 1970 komai ya rushe. Motocin suka tafi ɗaya bayan ɗaya, bashi ya hau kansa, abokan cin mushe suka watse, har ya kai ga tunanin kashe kansa.

Wani fada mai suna Joseph Pasquier ne ya jawo shi jiki, ya kuma biya masa kuɗin ziyara zuwa Kudus a 1982. A can ya ji wa'azin da ke cewa kowane mai bi yana da dutsen da zai sa a ginin, sai tambayar ta tsaya masa a rai: to ni ina nawa dutsen? Da ya dawo Bwake ya haɗa 'yan ƙungiyar addu'a, suka fara zuwa asibiti wurin majinyatan da ba su da kowa, suna yi musu wanka, suna saya musu magani, daga baya suka shiga gidan kaso. Suka sa wa ƙungiyar sunan Camille de Lellis, wani sojan Italiya da caca ta tsiyata kafin ya ba da rayuwarsa ga jinyar marasa lafiya, ya rasu a 1614. Ka ga wanda ya san zafin asara ya zaɓi sunan ɗan'uwansa a asara.

Wajen 1990 ya ga wani mai taɓin hankali tsirara yana tonon bola yana neman abin ci. Irin wanda dukkanmu muke gani kullum a bakin tasha mu kauce. Ya ce ranar ce ya fara tsayawa ya dube shi a matsayin mutum, tsoron ya fita daga ransa. Shi da matarsa suka fara dafa abinci suna bin titunan Bwake da dare suna rabawa, da ruwan sanyi. A 1994 ya buɗe cibiyar farko. Daga nan ya shiga ƙauyuka da sansanonin addu'a, inda ake ɗaure masu ciwon a jikin itace ko a turu, wasu shekara da shekaru, yana lallashin dangi, yana yanke sarƙa da kayan aikinsa. Yau ƙungiyar tana da cibiyoyi a Kodebuwa da Benin da Togo, kuma da yawa daga masu kula da majinyatan su ma tsofaffin majinyata ne da suka warke aka koya musu aikin. Ba a tambayar addinin mutum a bakin ƙofa.

Abin lura a labarin nan shi ne bai ƙare kamar yadda labaran lasifika ke ƙarewa ba. Ba a ce ya tuba sai Allah ya mayar masa da tasi takwas a madadin huɗu ba. Motocin sun tafi ke nan. Abin da ya samu wani abu ne daban, dalilin tashi da safe wanda karayar kasuwa ba ta iya ƙwacewa. Kuma wadatar zucin ba ta zaunar da shi a ɗaki ba. Mutumin da ya daina tsoron asara ne kaɗai zai iya kashe abin hannunsa a kan wanda ba zai taɓa biyan sa ba.

Shi a aƙidarsa yana cewa Almasihu yake gani a jikin majinyacin. Mu ba ma faɗin haka. Amma muna da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda Allah zai tuhumi bawa ranar ƙiyama kan majinyacin da bai gaishe ba da mayunwacin da bai ciyar ba, ya sanar da shi cewa da ya je da ya samu Ubangijinsa a wurin. Masu taɓin hankalin da ke kwana a gefen babban masallacin Adjamé, hadisin nan ya shafe su.

To, Yamusukuro fa?

Na san mai karatu zai ce: Malam, kana ta maganar talauci, ka manta da abin da ke tsaye a Yamusukuro? Tambaya ce mai kyau, kuma 'yan Katolika da kansu sun yi ta.

Shugaba Houphouët-Boigny ya gina majami'ar Notre-Dame de la Paix tsakanin 1986 da 1989, tsayinta mita 158, da marmara da gilasai masu launi da aka yo oda daga Turai. A daidai lokacin farashin koko ya faɗi, har ƙasar ta dakatar da biyan bashinta na waje a 1987. Shugaban ya ce da kuɗin aljihunsa ya gina. Paparoma John Paul na biyu ya zo ya keɓe ta ranar 10 ga Satumban 1990, bisa sharaɗin a gina asibiti a gefenta. An aza harsashin asibitin a lokacin, amma sai a 2015 aka buɗe shi da sunan Saint Joseph Moscati. Shekara uku ta ishi ginin marmara, na majinyata kuwa ya jira shekara 25.

Wata dattijuwa maƙwabciyata, 'yar Katolika da ba ta fashin cocin safe, na taɓa tambayar ta wannan. Na ce: "Mama, yaya kuke haɗa wancan gini da wa'azin talauci?" Ta ce: "Ɗana, na je sau ɗaya, na ga kyau, na yi addu'a na dawo. Amma ranar da mijina ya rasu, matan cocinmu ne suka kwana da ni a tabarma." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Koyarwa daban, masu riƙe da ita daban, kuma wannan ciwo bai tsaya a gidan maƙwabta ba. Mu ma mun san ragon layyar da ake saya a Port-Bouët don unguwa ta gani, a ɗaure shi a ƙofar gida kwana uku. Mun san Umrar da ake ƙirgawa kamar lambar yabo, da auren da ake cin bashin shekara biyu don biki na kwana biyu. In za mu auna su da Yamusukuro, sai mu yarda su auna mu da waɗannan.

Inda muka haɗu da inda muka rabu

Kada a fahimce ni a karkace. Tsakaninmu da su akwai bambancin aƙida wanda zaman lafiya ba ya gogewa. Mu Allah ɗaya muke bauta wa ba tare da ɗa ko abokin tarayya ba, Annabi Isa (AS) kuma bawan Allah ne kuma manzonsa. Su ba haka suka ɗauka ba. Sanin abin da maƙwabci ya yi imani da shi bai zama bin sa ba.

Ko a kan dukiyar ma akwai bambanci. Musulunci bai zo da ruhubanci ba. Aya ta 27 ta Suratul Hadid ta ambace shi a matsayin abin da mabiya Annabi Isa suka ɗora wa kansu don neman yardar Allah, ba a wajabta musu ba. Aure sunna ne a wurinmu, kuma zakka da Hajji sai mai abin hannu. Sayyidina Usman da Abdurrahman bin Auf attajirai ne, kuma suna cikin waɗanda aka yi wa bushara da Aljanna. Aya ta 77 ta Suratul Ƙasas, wadda ta zo cikin labarin Ƙaruna, ta haɗa neman lahira da rashin manta rabon duniya. Sai dai a nan ma tazarar ba ta kai yadda ake zato ba, don yawancin 'yan Katolika masu aure ne masu sana'a, alkawarin talauci na 'yan kaɗan ne, sauran abin da ake nema gare su shi ne kada dukiyar ta mallake su. Aya ta 82 ta Suratul Ma'ida kuma ta yabi malamai da ruhubanawan Nasara da rashin girman kai.

Inda muka haɗu shi ne a kan ciwon da maganinsa. Aya ta 28 ta Suratur Ra'ad ta ɗora natsuwar zukata a kan ambaton Allah. Hadisi ingantacce ya mayar da ainihin wadata ga zuciya, ya cire ta daga yawan kaya. Imam Gazali ya bar kujerar koyarwa mafi girma a Bagadaza a 1095, lokacin da ya binciki niyyarsa ya ga neman suna ya shige ta, labarin da ya yi kama da na Agustin har abin ya ba da mamaki. A gidanmu kuma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi wajen 1807 ya nufi gabas, saboda ya ga an fara karkata ga mulki da tara dukiya, sai mutanen Kano suka tsayar da shi ya zauna ya koyar da su. Kakanninmu da suka ce duniya budurwar wawa ce ba daga littafin kowa suka aro ba.

Abin da ya rage gare mu

Na fi jin tsoron abin da yaro ke gani a kan abin da yake ji. Muna karanta masa ƙana'a a makarantar allo, da yamma kuma ya ga an tashi dattijo daga sahun gaba an ba wani saurayi wuri saboda ya ba da buhun siminti, alhali kowa ya san ba shi da sana'a. Ya ga uwa ta karɓi waya mai tsada daga hannun ɗan shekara 17 ta sa albarka, ba ta tambayi inda ta fito ba. Wa'azin shekara guda ba zai goge wannan darasi na minti ɗaya ba.

Don haka ga abin da nake roƙon iyaye da malamai 'yan'uwana. Mu riƙa tambayar asalin kuɗi kafin mu sa albarka, ko da na ɗan cikinmu ne. Mu riƙa yabon mai garba da mai faci da mai gadi a gaban yara, da sunan sana'arsu, yadda za su ji cewa guminsu abin alfahari ne. Mu ɗauki yaro sau ɗaya a wata mu je gaishe da majinyata a CHU ta Treichville da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya ga da idonsa abin da kuɗi ke iya yi da abin da ba ya iyawa. Kafin barci kuma a zauna minti biyar, kowa ya faɗi abu uku da ya gode wa Allah a kansu a ranar, waɗanda ba a saya a kasuwa ba.

Wannan ba kira ne ga zaman kashe wando ba. A nemi na kai, a yi karatu, a buɗe shago na biyu in hali ya yi, a kuma nemi hakkin ma'aikaci in an tauye shi, don wadatar zuci ba ta taɓa zama hujjar mai danne albashin wani ba. Abin da ake gudu shi ne yaro ya girma yana ganin cewa ranar da aljihunsa ya bushe shi ma ya ƙare. A unguwa irin tamu, inda gobarar kasuwa ko rusau ko ciwo ɗaya ke iya cinye tarin shekara 20 a dare guda, wanda bai da wani abin dogaro bayan kayansa yana cikin haɗari, Musulmi ne ko Kirista.

Allah ya azurta mu da halal mai albarka, ya sa ta a hannunmu, ya tsare zukatanmu da na 'ya'yanmu daga bautarta, ya kuma zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.